Ranar da na kira sunan ɗan farina

Ni ban yi boko ba, amma na yi aiki shekara arba'in da 'yan kai, kuma ba wanda ya taɓa ba ni hutu. Ofishina tanda ce mai gida goma sha biyu, a ƙofar gidanmu nan Dundaye. Tun assalatu nake hura wuta, kafin hantsi ya ɗaga ƙullu ya ƙare, wanda ya makara sai ya karya da ƙamshi. Ɗiya shida na goya a bakin wagga tanda, kowanensu hayaƙi ya fara sani kafin ya san fuskar ubanshi. Shi ya sa in na ji 'yan zamani suna gardamar ko mace ta yi aiki ko ta zamna gida, dariya nake yi. Wace macen ce ta taɓa zamnawa?

Sai ga gardamar ta biyo ni har gindin murhu.

Ɗan farina ma'aikacin gwamnati ne, yana zaune Mabera da matarshi. Abin da yake yi a ofis ban sani ba. Na dai san yana fita ƙarfe goma da wankakkiyar riga, bayan azahar ya dawo da ita yadda ya fita da ita. Matar kuwa ungozoma ce ta asibiti, mai fararen kaya, ita na san aikinta. Ɗiyar maƙwabciyata da ta kwana biyu tana naƙuda, a hannunta ta sauka lafiya. Tun daga ranar anka daina ce mini mai masa, sai uwar mijin malamar asibiti, ni kuma ban hana kowa ba.

Shekara bakwai suna jiran haihuwa kafin Allah ya ba su namiji. Da hutun jegonta ya zo ƙarewa sunka gwada gidan reno, inda ake aje ɗiya a jere kamar takalma a ƙofar masallaci. Kwana uku yaron ya yi ya kwaso mura, uban ya rantse ba ya komawa. To wa zai riƙe shi?

Magana ce ta mutum uku da za a gama kafin shayi ya huce, in da za a iya yin ta. Amma mu ɗan fari ba a kiran sunanshi, ba a zama hira da shi. Uwata Bafillata ce, ta kuwa koya mini kunya har ta yi yawa. Tun da na haife shi sunanshi bai taɓa fita bakina ba, wancan nake cewa. In ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa, in amsa ina kallon bango. Matar tashi kuma kunyata take ji, mace mai daka wa masu naƙuda tsawa, in ta gan ni sai ta koma kurma. Don haka komi namu ta bakin gwaggonsu yake bi, ƙanwar marigayi mijina, wadda Allah ya ba ƙafar yawo ya hana ta haƙurin saurare.

Ran wata Alhamis ta zo bisa kabu-kabu, ta ce ma mai mashin ya jira ta. Ta cinye masa huɗu tukuna, kana ta ce yaran nan ba wai suna roƙo ba ne, shawara dai suke nema, Litinin hutu ke ƙarewa.

Ni tun kafin ta rufe baki na yanke abin da zan yi. Zan kife tanda in koma Mabera. Amma kyauta irin wagga ba a miƙa ta a dunƙule, sai an warware ta an ga tsawonta. Sai na faro tun daga shekarar da wanta, mijina, ya ce in bar tuya, wai maza na layi a ƙofar gidanshi. Na bari kwana shida. Ran na bakwai, da kunu tsura ya ishe shi, shi da kanshi ya sauke mini itace. Na gaya mata tun daga ranar tandata ba ta sake wayewa da sanyi ba. Na bi ɗiyan ɗaya bayan ɗaya, wanda na haifa bayan na kwashe tuyan ƙarshe, da wanda ya faɗa cikin ƙullu. Ina kan na biyar mai kabu-kabu ya matsa oda, gwaggo ta zabura ta ce ta gane, ta gane, ta haye ta tafi da sauran masa a gefen mayafi.

Na ce a raina ai kowane mai hankali ya san inda irin wanga labari ke sauka. Ƙarshen nashi kajin gidana na gaya ma, ina kankare tanda.

Ran Asabar na sallami masu saye. Wani tsohon direba da ya shekara ashirin yana karyawa wurina ya tambaya ko mutuwa zan yi. Na ba maƙwabciyata aron tanda, ita da masarta ke da tauri kamar silifa. Litinin da sassafe na ɗaure ƙunshina na nufi Mabera, ina jin kaina kamar ragon layya mai tafiya da ƙafarshi.

Da na shiga na iske surukata a tsakar gida da zanen gida, ido ya kumbura, yaron bisa cinyarta. Fararen kayan an ninke su cikin leda a bakin ƙofa, irin ninkin abin da za a bayar. Wancan na goge mashin, farar ambulan ta wasiƙa na leƙowa daga aljihunshi. Gwaggo kuwa ta tafi biki ƙauye. Munka gaisa, kowa na kallon inda ya saba kallo.

Ba mai kai magana sai ɗan wata huɗu, don haka shi na ɗauka aiki. Jika namiji dama miji ne wurin kaka.

"Maigida," na ce da shi, "tambayi uwarka mi ya hana ta sa kayan aikinta."

Ta sunkuyar da kai ta ce da jaririn, "Ka ce ma Inna gwaggo ta gaya muna komi. Tandar da ba ta taɓa wayewa da sanyi ba, ba a kanmu za ta fara ba."

Wancan kuma ya shaida ma tayar mashin cewa an riga an rubuta takardar ajiye aiki, yanzu zai miƙa ta asibiti.

Ashe gwaggo ta kai musu kan labari da gangar jiki, ta bar wutsiya a Dundaye. Yarinya ta ji tsohuwa na kirari da tandarta, ta ɗauka ƙi ne cikin ladabi, ta yi mini kara da aikin da ta sha wuyar karatu a kai.

Na buɗe baki zan ba maigida amsa ya kai, sai ya tsandara kuka. Uwar ta sure shi ta shige ɗaki ba shi nono. Tafinta ya tafi. A waje mashin ya tashi. Ni kuwa ko ban yi boko ba na san takarda in ta shiga hannun hukuma ta shiga rijiya.

Na yi tari. Na buga murfin kwano. Na ce "Wancan," ƙarar mashin ta haɗiye. Ya kai bakin ƙofar gida, ƙafa ɗaya a ƙasa, yana jan ƙyaure.

Sai na kira shi da sunan da liman ya raɗa mishi, da muryar da nake kiran masu saye daga tsallaken hanya.

Mashin ya mutu. Ya waiga bayanshi, ya duba bisa katanga, yana neman wadda ta yi kiran. Da ya ga ni ce sai ya saki mashin ya faɗi, ya taho ya durƙusa, mutum mai furfura a gemu. Ni ma sunan ya yi mini wani iri a baki, kamar na ci abincin wani gari. Amma tunda randa ta fashe, sai na yi wanka da ruwan.

"Miƙo takardar nan." Ya miƙo. "Ƙarfe nawa kake zuwa ofis?"

"Goma, Inna."

"Daga asuba zuwa goma mi kake yi?"

Ya ce yana jin labarun duniya a rediyo. Na ce duniya ta gode, daga yau zai ji su da ɗa a kafaɗa. A nan durƙushe na yanka mishi yadda za a yi. Ita ta fita aikinta da safe, ta tatsa ta bari a kwalba, tunda zamani ya mai da mata shanun Fulani. Shi ya riƙe yaro, ya sake mishi ƙunzugu, in hantsi ya ɗaga ya kawo mini shi Dundaye, lokacin na kwashe tuyan ƙarshe. In ta taso ta biyo ta ɗauka. Ya fara cewa ai namiji da reno, mi maƙwabta za su ce. Na gaya mishi ubanshi ya fi shi gemu, kuma ya riƙe shi ina tuya har ya yi mishi fitsari a rigar Juma'a, ba wanda ya tsige shi daga maza.

Ashe surukata na tsaye bayan labule. Ta fito ta ɗauki ledar nan ta koma ciki. Ran nan ta tafi aiki a makare, da kaya duk layin ninki, tana dariya tana share hanci. A bakin ƙofa ta ce da jaririn ya ce ma Inna ta gode. Na ce da shi ya gaya mata ta yi sauri, masu naƙuda ba su san da zancenmu ba.

Karɓo tandata wurin maƙwabciya sai da anka kai ruwa rana, wai har ta fara sabawa. Gwaggo da ta dawo biki ta ce ai ita ta shirya komi.

Ban sake kiran sunan ba, na koma wancan, don ba kullum ake fasa randa ba. Sai dai na lura in ya aje yaron yakan daɗe yana tada mashin a ƙofar gida yana kasa kunne, mashin da lafiyarshi lau.

Takardar kuwa ban san abin da anka rubuta a ciki ba, an ce Turanci ne mai kyau. Da ita na hura wutar Talata, ta kuwa kama da wuri.