Zugazugin da ke hura taurari

"Mushe, me kake kallo har ka saki baki?"

Baba Illiya maƙeri ne ya tambaye ni; Mushe ake kiran malamin makaranta a wajenmu. Na kai masa hauyata gyara a garin Waca, ina zaune ina kallon hoto a waya.

Na nuna masa. Na ce tarin taurari ne mai nisan gaske. A tsakiyarsa akwai baƙin rami mai haɗiye komai, amma daga gefen bakinsa wani feshin wuta ke fita, saurinsa ya kusa na haske. In ya daki gajimaren gas, wani wuri ya watsa shi, wani wuri ya matse shi har sababbin taurari su kunnu.

Nan na maƙale. Mako guda ina neman yadda zan fahimtar da ɗalibaina cewa abu ɗaya na kashewa kuma yana rayawa, na kasa.

Baba ya baza gawayi, ya danna zugazugi. Toka ta tashi, garwashi ya tarwatse. Ya tara gawayin wuri guda, ya danna kamar ɗazu. Wuta ta kama jawur.

"Iskar ɗaya ce, Mushe. Abin da ta tarar ne ya bambanta." Ya sake duban hoton. "Ni hannuna kan gaji. Wannan tun yaushe ake zuga shi?"

Na ce miliyoyin shekaru. Ya ajiye guduma a hankali, ya ce, "Allahu Akbar."

Har na iso gida Magariya tsigar jikina ba ta kwanta ba. Ku fa, wa ya taɓa warware muku karatunku alhali bai taɓa shiga lakwal ya yi boko ba?