Ɗigon Jan Farcen Maman Favour

Har zuwa kwanan nan, kullum da hantsi za ka ga Rahila, wadda duk Gyaɗi-Gyaɗi ta sani da Maman Favour, ta sauko daga adaidaita sahu tana dafe da ƙugu. Takan buɗe 'yar kwantenarta, ta share ƙofa, ta leƙa ƙwan lantarki ko an kawo wuta. Galibi ba a kawo ba. Sai ta zauna ta jawo laftof ɗin da ta kwana a kan tebur, ta ɗora tabarau a kan hanci. Haka take tun da mijinta Habila ya rasu ya bar mata shagon gyaran kwamfuta, yau shekara kusan ashirin.

Ni tsohon malamin makaranta ne, kuma na gaji da masu gyara. Ka kai musu kwamfuta harafi ɗaya ya mutu, su ce sai an sauya kibod gaba ɗaya, su ɓalle ta, ta dawo maka da sabon ciwo. Maman Favour ba haka take ba. Kafin ta taɓa na'ura sai ta ce, "Malam, buga min sunanka da na garinku in gani." Hannunka take kallo. In ta gane maɓallin da ya mutu da inda yatsunka suka saba zuwa, sai ta shiga cikin kwamfutar ta ɗauke aikin mataccen ta ɗora wa wani da ke zaman banza. Sannan ta ɗiga masa jan farce don kada ka manta. Daga Darmanawa zuwa Unguwar Gano, duk laftof ɗin da ka gani da jan ɗigo, ta hannunta ta bi.

Wanda ya fi kowa shaida shi ne Ashiru, mai buga wa ɗalibai da masu neman aiki takardu a Tarauni. Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, hannun hagu ya tafi. Da ya ɗan farfaɗo ya koma bakin aiki, shafi ɗaya sai ya cinye masa wuni, masu kawo aiki suka watse, ga iyali a gida. Ina zaune a shagon ranar da ya kawo laftof ɗinsa ya ce ta nemo masa mai saye.

"Maman Favour, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka," in ji shi.

Ta ce, "Jinka ce ba ya ɗauka, Malam Ashiru. Zauna ka buga min sunanka."

Ta daɗe tana kallon yadda hannun damansa ke tsalle daga wannan gefe zuwa wancan. Ta dawo da maɓallin babban baƙi ƙarƙashin babban yatsansa, ta sa ya riƙa tsayawa da kansa ba sai an danne ba. Na gogewa da na sauka layi ta jawo su kusa. Ya je ya gwada, ya dawo ya ce nan ya yi nisa, ta sake. Sun yi ta wannan kai-komo har damina ta wuce. Yau Ashiru na buga aikin ɗalibi da hannu guda, yana yi yana hira.

Ke ce kika yi wannan, Rahila, a cikin kwantenar da zafi ke dafa mutum kamar ɗanwake. Ban taɓa jin wani ya kira sunanki a taro ba, kuma abin yana ci min rai.

Yanzu ta gaji. Idanu sun yi rauni, baya ya ƙi, 'yarta Favour ta matsa sai ta koma gida Zonkwa. Da labarin ya kai wa Ashiru, barci ya ƙaurace masa. Ya sani sarai, ranar da laftof ɗin ta lalace ko wani ya yi mata fomatin, wato ya share komai na cikinta, duk tsarin nan zai goge, hannunsa ya sake mutuwa karo na biyu. Ya zo ya faɗa mata haka.

Abin da ta yi ya ba ni haushi da farko. Karɓar laftof ɗin ta yi, ta goge tsarin a gabansa, ta tura masa. "Mayar da shi," ta ce. Ya yi fushi, ya ce wannan ai mugunta ce. Ita kuwa sai nuni take masa da bakin biro. Ya mayar da ƙyar. Washegari ta sake gogewa. Haka suka yi ta yi, shi yana tsaki, ita tana murza ido saboda gajiya, har ranar da ya mayar ba tare da ya ɗago kai ya dube ta ba.

Makon jiya na kai tawa laftof ɗin, maɓallin sauka layi ya daina aiki. Na tarar an ɗaure kaya a kwalaye. Ta dube ni ta ce, "Malam, idona ba ya gani yau. Ba wa Malam Ashiru." Ashiru, da ke zaune a gefe, ya jawo kujera, ya ce in buga sunana da na garinmu. Ya gyara da hannunsa ɗaya. Da ya gama, ta buɗe jaka ta miƙa masa kwalbar jan farcen, ta kusa ƙarewa. Shi ya kasa buɗe murfin, ita ta kasa ganin maɓallin, sai ta buɗe, shi ya ɗiga.

Mun gode, Maman Favour. Allah ya huta gajiya, ya kai ki Zonkwa lafiya. Ku kuma masu sana'a, ku dubi hannun mutum kafin ku dubi na'urarsa, kuma kada ku tafi da abin da kuka sani. Kwantenar tana rufe yanzu, amma mai matsalar maɓalli ya nufi Tarauni, ya tambayi Ashiru mai jan farce.