Neman Ma'anar Ingrid

Dubai Investments Park

Ana idar da sallar asuba na fito, ranar jajibirin sunan 'yata. Matata Rukayya ta sha wuya wajen haihuwa, kuma wata nas 'yar Norway mai suna Ingrid ce ta tsaya a kanta har aka rabu lafiya. Tun a gadon asibiti Rukayya ta yi alkawarin yi mata takwara. Malam Habu, wanda zai raɗa sunan, ya ce ba zai kira sunan da bai san ma'anarsa ba. Ni kuma aka sa ni a tsakiya.

Al Sabkha

Bas, jirgin metro, sannan ƙafa. Wajen ƙarfe takwas na iske Malam a shagonsa na turare. Na nuna masa abin da waya ta ce: "kyakkyawa".

"Alhaji Sani, waya ce ta haife ta? Je ka ji daga bakin mai sunan, khalas, magana ta ƙare."

Na haɗiye fushina da shayin karak na dirhami ɗaya, na fita.

Asibiti

Aka ce yau Ingrid ba ta aiki. Wani mai gadi ɗan Zangon Kumasi ya ji tausayina.

"Massa, ranar hutunta tana duba ma'aikatan jirgin ruwa a Jebel Ali. Yalla, ka hanzarta."

Wato can kusa da inda na baro da asuba. Kamar in yi kuka.

Jebel Ali

A ƙofar shiga aka tsare ni, ba ni da takardar izini. Na gasu a rana har bayan azahar kafin ta fito. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, sai idonta ya ciko. Ta ce ita ma ba ta taɓa tambaya ba, ta kira mahaifiyarta a Norway.

Sunan kashi biyu ne, in ji tsohuwar. Ƙarshensa kyau yake nufi. Farkonsa, Ing, abin bautar kakanninsu ne tun kafin Kiristanci ya je musu.

Duk wannan wahala, ga abin da zan kai wa mai jego!

"Ku ɗauki rabin," in ji Ingrid. "Na yafe sauran."

Gida

La'asar sakaliya na shiga, alhamdulillahi, ƙafa a kumbure. Na zayyana wa Rukayya komai. Ta daɗe tana kallon jaririyar.

"Ba rabin aiki ta yi mini ba," ta ce, tana share hawaye. "Amma Allah ya fi ƙarfin alkawarina."

Washegari Malam ya raɗa Jamila, wato kyakkyawa. Na gode masa, na gode wa mai gadin nan. Sai dai har yau ban taɓa jin Jamila a bakin Rukayya ba. Takwara take kiranta, kuma babu wanda ya taɓa tambayarta takwarar wa.