Gwaggo Tsahara da Zanen da Ba Ya Jin Iska

Ku da kuka san Gwaggo Tsahara, yayar mahaifinmu, kun san ba ta taɓa karɓar zane da ido kaɗai ba. Sai ta kama shi, ta kara a baki, ta sa tafin hannu ta baya, ta hura. In iskar ta taɓa hannunta, an daidaita. In ba ta taɓa ba, sai ta mayar wa mai shi, ta ce, "Wannan kurma ne, ba ya jin iska." Ko a kasuwar Tasawa haka take yi, a gaban fatake, ba kunya ba tsoro. Har lefen amare ta hura!

Muna yara dariya muke yi. Sai da na koma ɗakinta da kwana, a ƙauyenmu na kusa da Kona, shekarun nan kafin Nasara su iso, na gane dalili. Lokacin ta daina fashin salla ke nan. Tana cikin barci sai zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa ka, ta farka sharkaf, kamar an sheƙa mata ƙwaryar ruwa. Jim kaɗan kuma zufar ta huce a jikinta, ta kama karkarwa. Sauran mata ɓoye wannan abu suke yi. Ita kuwa cewa ta yi in dai ba zai bar ta ta yi barci ba, to, ita ma ba za ta rufa masa asiri ba.

Wanda ya fara shan wahalarta Nomau ne, masaƙin garinmu, mutumin da ake yabo da saƙa mai ƙarfi. Ta yi wata guda tana kaɗi, ta fitar da zare siriri, ta kai masa, ta ce saƙa take so sako-sako, fara, ba rini. Ya kawo na farko, ta hura.

"Kurma ne."

Ya kawo na biyu.

"Wannan ya hwara ji da kunne guda."

Nomau ya ce, "Haba Tsahara! In na ƙara sassauta shi, ai rariya zan saƙa miki. Mutane su ce hannuna ya mutu!"

Ta ce, "Mutane za su kwana cikinsa, ko ni?"

Ya saƙa na uku, ya naɗo shi cikin riga don kar a gani, ya roƙe ta kada ta faɗi wanda ya yi. Ta yi masa alkawari. Washegari ta shanya shi a kan danga, duk wadda ta tambaya sai ta ce, "Na yi rantsuwa ba zan faɗa ba. Amma masaƙi nawa gare mu a garin nan?"

Sai zancen turkuɗi. Ɗanta Abdu ya dawo daga fatauci, ya kawo mata turkuɗi sabo, baƙi wuluk, yana ƙyalli, irin wanda Buzaye ke so. Ta san kurma ne, amma ba ta hura ba, don kar ta karya masa zuciya. Ta ɗaura, ta kwana da shi. Wayyo! Da gari ya waye, zufa ta jiƙa shuni, Gwaggo ta fito shuɗiya tun daga wuya har idon sawu. Mijinta, Baba Jatau, yana alwala ya ɗaga kai, buta ta faɗi, ya hau karanta duk addu'ar da ya sani.

Ta ce, "Ni ce, Malam. Shekara talatin muna tare, yau kaɗai ka dube ni da kyau."

Haka ta ɗauki tulu ta tafi rijiya. Kwana uku shunin bai fita ba, kuma ko sau ɗaya ba ta fasa fita ba.

To, daga nan ne magana ta lalace. Aka fara raɗa cewa iska ta taɓa ta. Ita kuma ta ƙara wa masu raɗa abin faɗi, don a ranakun nan ne ta fitar da buzun rago da gwado mai kauri daga ɗakinta, ta rushe tudun ƙasar da take kwana a kai. Ta tafi zangon Buzaye da ke sauka bayan gari, ta wuni gun wata tsohuwa tana duban gadonsu na itace, wanda iska ke bi ta ƙarƙashinsa. Ta dawo ta sa aka kafa mata irinsa, ta shimfiɗa asabari, ta ɗora tabarmar kaba. Tabarmi biyu ta ajiye, ɗaya na aiki ɗaya na shan rana. Zanen Nomau uku take ninkewa a gefen kai, in ɗaya ya jiƙe ta sauya. Ga mahuci, ga ƙaramar randa.

Aka daina kiranta wankan jego, ita da ta wanke rabin ƴaƴan garin. Wata ma ta janye ɗanta daga hannunta a gaban jama'a. Ranar Gwaggo ta dawo gida ba ta ci tuwo ba. Baba Jatau ya lallaɓa ya ce ko za a kira masu girka, ƴan bori, daga Mayahi, ko don bakin mutane ya mutu.

Ta ce, "A kira su. In sun zo in tambayi tsofaffin cikinsu da mi suke kwana."

Ba a kira kowa ba.

Abin da ya sa na tara ku da wannan labari shi ne na Innarmu, don ƙannena ba su san shi ba. Bayan shekara biyu, Inna ta fara ramewa. Ba ta barci, ba ta cin abinci. Ta ga abin da aka yi wa Gwaggo, sai ta ƙudure nata a ciki. Kullum ta lulluɓe da gwado don kar a ga zufa, da asuba ta wanke shi a ɓoye. A ranta ta yanke cewa ciwon ajali ne. Har ta fara rabon kayanta, ta ba ni tasoshinta, ta ce in riƙe ƙannena da kyau. Na tafi gun Gwaggo ina kuka.

Gwaggo ta naɗe tabarma, ta ɗauki zane biyu, ta shigo gidanmu ba sallama. Har lokacin Amarya take ce wa Inna, ko da yake ta haifi bakwai.

"Amarya, an ce za ki tahi lahira ba ki yi mini ban kwana ba."

Inna ta sunkuyar da kai. "Yaya, jikina ne. Wuta ke cina."

"Daga ina take tasowa?"

"Daga ƙirji."

"Ta hau wuya, ta hau ka, zuciya na dukan tara-tara? In ta sauka ki ji sanyi har ƙashi?"

Inna ta ɗago, ta zuba mata ido. "Wa ya gaya miki?"

"Shekara biyu da ɗoriya muna tare da wutar nan. Kin ga na mutu? Ba ciwo ba ne, ba iska ba ce. Kakarki ta yi, uwarki ta yi, ba wadda ta gaya miki ne kawai."

Inna ta fashe da kuka, irin na wanda aka sauke wa kaya. Gwaggo ta rungume ta, ta bar ta ta yi har ta gaji. Sannan ta janye gwadon, ta ɗaura mata farin zanen, ta juyo gare ni ta ce, "Ke kuma maido mata tasoshinta. Rabon gado da sauran lokaci."

Kwana bakwai ta yi a ɗakin Inna. Inna ta ƙara shekara goma sha a duniya, ta aurar da autarta da hannunta.

Gwaggo ta riga ta tafiya. Zazzaɓin damina ne, kwana biyar kacal. Ranar jana'izarta mata suka yi ta shigowa, daga Maijirgi, daga Bawdeta, wasu ko fuskarsu ban sani ba. Na tambayi wata dattijuwa inda ta san ta. Ta ce, "Ɗiyata, akwai shekarar da na ɗauka tawa ta ƙare, na kasa gaya wa kowa. Ita ta tako da ƙafa har garinmu, ta zauna da ni." Ta kusa da ita ta gyaɗa kai, ta bayanta ma haka. Ashe duk tafiye-tafiyen da take cewa za ta gaida dangi, wannan ne. Ni da na kwana ɗaki ɗaya da ita ban sani ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo Tsahara. Ya gafarta mata kaifin bakinta, ya saka mata da alherin da ta ɓoye, ya ba ta hutun da ta daɗe tana nema. Ya jiƙan Inna da Baba Jatau tare da ita. Amin.