Shekara Tara Babu Ladi 'Yar Japan

Shekara tara ke nan da rasuwar Haruka, ɗalibar jami'a daga Japan wadda ta zauna gidanmu a Zongon Lomé wata biyar. Ranar Lahadi ta sauka, shi ya sa mahaifiyata, Inna, ta raɗa mata Ladi. Bincike ta zo yi kan matan Zongo masu sayar da atamfa. Ni kuwa lokacin ina jami'a, sai na zama tafintarta: tsofaffi su faɗa da Hausa, in juya mata da Faransanci.

Har yau in na lumshe ido ina ganinta a bayan zemijan, babur ɗin haya, ta riƙe gyalen da Inna ta ba ta da hannu biyu, iska na neman ƙwace shi. Cikin mako guda ta iya cin tuwo da hannu. Ta iya gaisuwa har tsofaffi na tafa mata. Amma in ta yi kuskuren kalma ɗaya, sai ta yini tana ba da haƙuri. In kuma aka yabe ta, ta sunkuyar da kai ta ce tausayinta ake ji.

Wata Asabar da la'asar muka je bakin teku. Jiragen ruwa sun yi layi can nesa, ba sa motsi, kamar zana su aka yi. Ta daɗe tana kallonsu kafin ta ce, "Rabi, kin taɓa jin cewa da babu ke, da kowa ya fi sakewa?"

Na yi dariya. Na ce, "Ke da kika ƙetaro duniya? Mu kuma mu ce me?"

Ita ma ta yi murmushi. Ta gaya mini likita a ƙasarsu ya ce tana da ciwon damuwa, har ya ɗora ta kan magani, amma ta daina zuwa don kada abokan karatunta su sani. Na ce mata ta riƙa cin abinci sosai, ta rage tunani. Iyakar sanina ke nan a lokacin, kuma wannan amsar nake ta juyawa a raina har yau.

Da ta koma ƙasarsu, bincikenta ya sha yabo. Ta rubuto mini cewa malaman ba su karanta da kyau ba ne, da sun gane ba ta iya komai ba. Saƙonninta suka riƙa raguwa, suka ɗauke. Bayan wata bakwai yayanta ya rubuto cewa Haruka ta kashe kanta. Kwana uku Inna ba ta fita kasuwa ba. Da wata maƙwabciya ta soma maganar makomar masu yin haka, Inna ta tare ta: "Hajiya, Wanda ya halicce ta ya fi mu sanin ciwonta."

Da Haruka za ta dawo yau, ba na jin za ta gane hanya. Filayen unguwar Agoè da take ɗaukar hotonsu duk sun zama benaye da shaguna. Ni kuma ina koyarwa a wata sakandare a unguwar Djidjolé, kuma nakan tambayi kaina me za ta ce in ta ji 'yan matan ajina suna faɗin sunan ciwon nata a fili, babu sunkuyar da kai. Bara wata ɗalibata, wadda ta fi kowa ƙoƙari, ta ce mini ita nauyi ce a gidansu. Ban bar ta ta tafi ita kaɗai ba. Na kira mahaifiyarta, washegari mu uku muka je wurin likita. Tana nan, tana shirin jarrabawa. Ko da na yi wa Haruka haka da ta rayu? Ban sani ba, ba kuma zan taɓa sani ba.

Inna ta rasu shekara uku da suka wuce. Sai bayan an yi mata sutura muka farga ba mu da muryarta ko a waya ɗaya. Watan jiya yayan Haruka ya turo mini hirarrakin da ta naɗa a Zongo, ya tsince su a tsohuwar kwamfutarta. Tsofaffin matan nan da suka riga mu gidan gaskiya, duk ga su suna magana, suna dariya.

Ranar Juma'a na tara 'yan'uwana a tsakar gida na kunna. Muka kasa kunne. Can sai ga muryar Inna, tar, ana jin ƙarar murfin tukunya a bayanta:

"Ladi, ajiye abin nan ki zo ki ci abinci, zai huce."

Sai wata siririyar murya ta amsa, da Hausa mai kyau, babu kuskure ko ɗaya:

"To, Inna. Ga ni nan zuwa."