Ranar da Na Cinye Maigidana a Karta

Shekara shida na yi ina zama a teburin karta, a wani ɗaki da ke bayan wani otal a unguwar Daɗin Kowa, kowace Asabar bayan la'asar. Foka muke yi, wadda ake ba kowa kati biyu a rufe, a shimfiɗa biyar a tsakiya, kowa ya zuba kuɗi gwargwadon ƙarfin zuciyarsa. Ba abin alfahari ba ne, amma ba zan yi ƙarya ba, na iya. Ni tela ne, idona ya saba gano inda ɗinki ya karkace.

Sabon shiga ba ya ɓuya. Tun daga ƙofa za ka gane shi, don shi kaɗai ke rangaɗa sallama, ya bi kowa da musabaha sai ka ce ya zo ɗaurin aure. In an ba shi kati sai ya ɗaga su har ƙirji, ya leƙa, ya ajiye, ya sake leƙawa. Yakan zuba kuɗi tun layi bai zo kansa ba. In katinsa ya yi kyau sai ka ga leɓensa na motsi da hamdala, a wurin caca fa! Kuma ba ya iya ajiye kati ya haƙura, gani yake ficewa abin kunya ne. Mai ɗakin, wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota, da ya ga irinsu sai ya taɓa ni da gwiwar hannu ya ce, "Oga tela, abinci ya zo."

Wata Asabar da damina, ruwa na dukan kwano, aka turo ƙofa aka yi sallama. Muryar kawai na ji na gane shi. Maigidana ne, mutumin da ya koya mini ɗinki a Anguwan Rogo. Shekara tara na yi a shagonsa. Shi ya saya mini almakashina na farko, shi ya karɓa mini aure. Na riga na ji labari cewa ya sayar da injinsa na aikin wuyan riga, saboda mutane sun koma wajen masu na kwamfuta, kuma abin da aka ba shi bai kai rabin kuɗin sabon ba. Ashe wani mara tsoron Allah ya ce masa a nan ake ninka kuɗi. Ga kuɗin nan a baƙar leda, ya rungume. Abin da ya rage masa na sana'a ke nan duk duniya.

Ya bi kowa da hannu. Da ya zo kaina ya kalli gefen kafaɗata ya ce, "Sannu, malam."

Na ce, "Yauwa, sannu Alhaji."

Shi ke nan, mun ƙulla yarjejeniya ba tare da mun faɗa ba: bai san ni ba, ban san shi ba. In na ce masa "Baba, tashi mu tafi," na tona masa asiri a gaban mutane, na nuna dattijon da ke sahun farko a masallaci ya zo caca, kuma yaronsa ya kama shi. Wallahi kunyar nan ce ta ɗaure mini baki, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Duk abin da sabon shiga ke yi sai da ya yi, har da ƙari. Ya nuna wa na kusa da shi katinsa yana tambaya ko suna da kyau. Aka yi dariya, ni kuwa kamar in nutse. Duk zagayen da ya shiga sai in ajiye katina, amma me hakan ya tsinana? Sauran mutum huɗu da ke teburin suka yi ta yagarsa. Kafin awa ɗaya sulusin ledar ya tafi, shi kuma ba shi da niyyar tashi.

Sai na yi wata dabara da a lokacin na ɗauka hikima ce. Na ce a raina, tunda dole a cinye shi, gara ni in cinye, gobe in kai masa abinsa gida.

Kuma na san abin da babu wanda ya sani a ɗakin. Shekara tara ina kallonsa yana ce wa masu kaya, "Gobe in sha Allahu an gama," alhali ko yankawa ba a yi ba, kuma duk sanda zai faɗa sai ya sosa bayan kunnensa na dama, inda yake maƙale alli. Aka zo wani zagaye, kowa ya fice sai ni da shi. Ya tura duk abin da ke gabansa tsakiya, wai shi burga, ya kai hannu bayan kunne. Na ce na bi. Aka buɗe, ba shi da komai.

Ya ninke ledar da babu komai a ciki, ya sa a aljihu, ya yi wa kowa sallama ya fita cikin ruwan. Mai ɗakin yana ta bubbuga bayana yana yaba mini.

Washegari da hantsi na haɗa kuɗin, na cika abin da sauran suka ci daga aljihuna, na hau keke napep zuwa Anguwan Rogo. Na same shi zaune a shago, ga shatin ƙafafun injin a siminti. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye ambulan a gabansa.

Ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Baba, na jiya ne."

Ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Wane jiya? Ni jiya ina gida, ruwa ya hana ni fita. Ɗauke abinka." Ya aika aka kawo mini shayi, ya tambayi lafiyar iyalina ɗaya bayan ɗaya.

Kai! Ni da nake taƙama da karanta mutane, ban hango wannan ba. In ya karɓa, ya yarda ke nan ya je wurin, kuma ya yarda yaron da ya koya wa sana'a ne ya tsiyata shi sannan ya dawo yana ba shi sadaka. Na koma sau uku. Na ce rance ne, ya ƙi. Na ce to in sayo injin in ajiye a shagonsa mu yi tarayya, ya ce shi ya tsufa da aikin wuya. Ƙarshe ya saki shagon, ya koma sa maɓalli da guga a wurin wani tsohon yaronsa. In na wuce ta layin sai in hango shi a sunkuye, in canza hanya. Ban sake taɓa kati ba, amma wannan bai mayar masa da komai ba.

Bai cika shekara biyu ba ya rasu. Bayan sadakar bakwai na shiga wurin matarsa, wadda na ci tuwonta shekara tara, na miƙa mata ambulan ɗin na ce, "Inna, ajiyar Baba ce a wurina."

Ta mayar da hannunta cikin mayafi. Ta ce, "Ɗan nan, ya bar mini sallahu tun yana kwance. Ya ce in ka zo da wani abu kada in karɓa. Ban san me ke tsakaninku ba, amma ya ce in gaya maka naka ne, da hannunka ka ci."