Adda Raliya da Rijiyar Gidan Marayu

Raliya Bappayo haifaffiyar cikin garin Yola ce, 'yar wani mai ɗinkin hula da bai ga aibun karatun boko ba. Shekarar da aka samu 'yancin kai ta fara aikin ungozoma. Ta yi shekara bakwai tana karɓar haihuwa, har aka ƙirƙiro Jihar Arewa maso Gabas, aka nemi mata masu karatu da za su riƙa duba gidajen renon yara. Aka ba ta ɗan ofis a Jimeta da keke guda. Yaro da babba, kowa Adda Raliya yake ce mata, wato Yaya da Fulatanci.

A lokacin akwai wani gidan marayu can ƙasa wajen bakin kogi, wanda wata ƙungiyar 'yan kasuwa ta gina. Jariran da uwayensu suka rasu wajen haihuwa ake kaiwa, a riƙe su har su isa yaye, sannan dangi su zo su ɗauka. A daminar 1971 wata jaririya mai suna Asta, 'yar wata tara, ta rasu a gidan bayan gudawar kwana uku.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Garbai, ɗan Borno ne mai sayar da atamfa, kuma ba mugu ba ne, shi ya ba da filin gidan ma. Amma kafin Raliya ta iso har ya sallami mai renon, wata bazawara Liyatu, bisa zargin sakaci. Ya miƙa wa Raliya takarda ya ce ta sa hannu a rufe magana, tunda kwanan yarinya ne ya ƙare.

Ta ce, "Bappa, kwana na Allah ne, ban musa ba. Amma ba zan sa hannu ba sai na ga gidan da idona."

Ta shiga ta ƙirga jarirai goma sha uku, ta tambaya aka ce Liyatu kaɗai ke kula da su, ita ce wanki, ita ce dama madara. Uku daga cikinsu idanunsu sun zurma, maɗigarsu ta faɗa. Ba ta jira izinin kowa ba. Ta tare wata motar kaya a titi, ta goya ɗaya, matan maƙwabta suka ɗauki biyu, sai asibiti.

Daga nan ta nemi Liyatu, ta same ta a ɗakin ƙanwarta tana kuka. Liyatu ta gaya mata cewa tun da ruwa ya yi ƙarfi rijiyar gidan ta canza wari, ta kuma faɗa wa 'yan ƙungiya sau biyu, aka ce ai haka rijiya take da damina. Itacen da za ta tafasa ruwa ma ba ya isarta.

Raliya ta koma tare da duba-gari Malam Absalom. Suka auna da ƙafa, taku tara ne tsakanin masai da rijiya. Ta hana ɗiban ruwan, ta sa ana kawowa daga famfo, shi kuma ya tuttula galan ɗin kananzir a cikin masai. Bayan kwana biyu ta tara 'yan ƙungiya a bakin rijiyar, ta jefa guga da hannunta, ta jawo, ta ajiye a gaban Alhaji Garbai. Kananzir na yawo a saman ruwan. Ya sunkuya ya sansana.

Da ya ɗago sai ya ce, "Ashe da wannan muke shayar da su. A kira mini Liyatu, ni zan ba ta haƙuri da bakina."

Abin da ya fi yi wa Raliya nauyi shi ne zuwa wurin mahaifin Asta. Ta hau kwalekwale ta haye zuwa Vinikilang, ta tarar da shi, Jibrilla, yana noma a gonar dawa. Ta gaya masa gaskiyar abin da ya kashe 'yarsa, ba ta rage komai ba. Ya ce ƙara ba za ta dawo da ita ba, abin da yake so kawai kada wani uba ya sake jin abin da ya ji. Wannan maganar tasa ce ta sa a farkon rahotonta.

Ba ta yarda ta aika rahoton ta gidan waya ba, don kada ya kwana a ƙarƙashin wasu takardu. Ta shiga mota da kanta, kwana biyu a hanya saboda laka, ta kai shi Maiduguri, hedkwatar jihar, ta zauna a benci har aka karanta. Kafin damina ta gaba umarni ya fito ga duk gidajen renon da take dubawa: mai reno ɗaya ga jarirai biyar, ruwan sha sai an tafasa, kuma duk yaron da ya rasu a sanar da ofis a ranar, kada a sallami kowa sai an yi bincike.

Jariran nan uku sun warke. Aka cike rijiyar da ƙasa, aka jawo famfo har tsakar gida, Liyatu ta dawo ta zama shugabar mata uku da aka ɗauka. Shekara biyar Raliya tana leƙa gidan duk wata ba tare da sanarwa ba, kuma a tsawon shekarun ba a sake fitar da gawa ta ƙofarsa ba.

Da aka raba jihar a 1976, ita aka zaɓa ta koyar da sababbin masu duba gidajen reno. Su goma sha ɗaya ne, kuma ranar farko ba ta bari sun zauna a aji ba. Ta ce kowa ya bar jakarsa a kan tebur ya biyo ta, akwai gida biyu da za su shiga kafin azahar.